Yadda unguwar yayi ke tara abincin duniya, da yadda sunanta ke korar masu dafa shi

A kusan kowane babban birni akwai unguwar da sunanta ke bakin matasa da 'yan yawon buɗe ido, inda mutum zai yi tafiyar minti goma kacal ya gifta gidan abincin Habashawa, da na 'yan Koriya, da na Labanawa, da na 'yan Meziko, da shagon kofi wanda ake layi a ƙofarsa tun da sanyin safiya. A Landan ana ambaton Shoreditch da titin Brick Lane, a Berlin ana ambaton Kreuzberg da Neukölln, a New York Williamsburg, a Paris kuma Belleville. Masu tallata irin waɗannan wurare sukan nuna kamar yayin ne ya jawo abincin, wato da unguwa ta yi suna sai masu girki daga ko'ina suka biyo ƙamshin kuɗi. Tarihin unguwannin kuwa ya nuna cewa abincin ya riga sunan zuwa da shekaru masu yawa, kuma yanayin da ya haifar da shi shi ne abu na farko da sunan ke rusawa.

Tushen al'amarin shi ne arahar haya, kuma arahar tana da dalili. Lokacin da aka gina katangar da ta raba Berlin gida biyu a 1961, gabashin Kreuzberg ya wayi gari a lungu, katanga ta kewaye shi ta ɓangarori uku, gidajensa tsofaffi, hukuma kuma tana da shirin rushe da yawa daga cikinsu, saboda haka masu su suka daina gyara. A wannan shekarar ce Jamus ta Yamma ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya, kuma ma'aikatan da suka zo suka sauka a inda Jamusawa masu hali ba sa so. A nan ne, tun daga farkon shekarun 1970, gasasshen naman Turkawa da ake yankowa daga sanda mai juyawa a cusa cikin burodi ya fara zama abincin titi na birnin gaba ɗaya. Williamsburg ita ma unguwar masana'antu ce da ta tsufa a bakin kogi, mazaunin Yahudawa masu riƙo da al'ada da 'yan Puerto Rico da 'yan Jamhuriyar Dominika, kuma babbar matatar sukari ta Domino da ke can ba ta rufe ba sai a 2004.

Baƙon da ya sauka a irin wannan wuri yakan tarar da ƙofofi da yawa a rufe. Takardar shaidar karatun da ya zo da ita ba a amince da ita ba, harshen ƙasar bai zauna a bakinsa ba, banki kuma ba ya ba shi rance domin ba shi da tarihin ma'amala da shi. Abin da yake da shi shi ne ilimin girkin gida, da iyalin da za su yi aiki awa goma sha biyu ko fiye ba tare da cikakken albashi ba, da 'yan ƙasarsu da ke marmarin abincin da suka baro. Jarin kuwa yakan fito ne daga 'yan'uwa ko daga adashin da baƙi ke yi a tsakaninsu, kamar yadda aka sani a wurin 'yan Koriya da 'yan Sin a Amurka. Saboda haka gidan abincin farko a unguwar baƙi ba don burge kowa ake buɗe shi ba, ciyar da direban tasi da tela da ma'aikacin dare shi ne aikinsa, kuma wannan ne ke sa abincinsa ya yi araha, ya yi yawa, ya kuma riƙe ɗanɗanon da masu shi suka sani, tunda wanda aka girma da shi a kan abinci ba a yi masa algus a cikinsa.

Babu inda ake ganin yadda wannan ke taruwa hawa-hawa kamar Brick Lane a gabashin Landan. Bayan 1685, lokacin da sarkin Faransa ya janye kariyar da aka ba Kiristoci 'yan Furotesta, dubbansu suka tsallako suka zauna a wannan yanki suna saƙar siliki. Daga shekarun 1880 Yahudawan da suka gudo daga daular Rasha suka biyo baya, sannan a ƙarni na ashirin mutanen Sylhet na ƙasar Bangaladesh suka zo, da farko a matsayin ma'aikatan jiragen ruwa, daga baya kuma, musamman a shekarun 1970, da iyalansu, suna aiki a shagunan ɗinki da na fata. Akwai gini guda a kan titin da ya ɗauki labarin duka: an gina shi a 1743 a matsayin cocin Faransawa, ya zama wurin ibadar Yahudawa a ƙarshen ƙarni na goma sha tara, ya koma masallaci a 1976. Kowace al'umma idan ta samu hali takan tashi zuwa unguwa mai sarari, amma takan bar wani abu a baya. Har yau a arewacin titin akwai shagunan burodin Yahudawa mai rami a tsakiya, inda ake sayar da shi da dafaffen naman shanu mai gishiri har tsakar dare, ga kuma gidajen miyar kori na Bangalawa a ƙasa da su kaɗan. Bambancin da mai ziyara ke gani a yini ɗaya, aikin shekara ɗari uku ne.

Kashi na biyu na labarin yana farawa ne da zuwan wasu masu neman araha na daban: ɗalibai, da masu zane, da mawaƙa, da matasan kuku waɗanda suka koyi aiki a manyan otal-otal amma ba su da kuɗin kama shago a tsakiyar gari. Tsohon sito ko rufaffiyar masana'anta yana ba su fili mai faɗi a farashi kaɗan. Kamfanin giya na Truman da ke Brick Lane ya daina aiki a 1989, daga baya gine-ginensa suka koma ofisoshin masu fasaha da kasuwannin abinci na ƙarshen mako. A Kreuzberg, kasuwa mai rufi ta Markthalle Neun, wadda aka buɗe tun 1891, an farfaɗo da ita a 2011, kuma daga 2013 aka fara taron abincin titi na kowace Alhamis wanda ke jawo dubban mutane. A wannan tsakanin, wanda kan ɗauki shekara goma ko ashirin, unguwa takan kai ƙololuwar daɗinta, domin tsofaffin gidajen abinci na baƙi suna nan, sababbi masu gwaje-gwaje sun shigo, haya kuma ba ta riga ta fi ƙarfin kowa ba. Wannan lokacin ne jaridu da mujallu ke ganowa su yayata.

Akwai kuma dalilai na cikin sana'ar da ke sa gidajen abinci son zama kusa da juna. Wanda ya fito cin abincin dare sau da yawa titi yake nufa kafin ya zaɓi shago, domin ya san idan wuri ɗaya ya cika zai samu wani a gaba, saboda haka kowane sabon shago yana ƙara wa maƙwabtansa kasuwa. Amma wanda ya zo na goma sha biyar ba zai rayu ba idan ya dafa abin da sauran sha huɗun ke dafawa, tilas ya nemi abin da babu, kuma wannan gasar ita kanta tana haifar da bambanci. Sannan akwai batun kicin, wanda masu cin abinci ba su cika tunaninsa ba: bututun fitar da hayaƙi, da layin gas, da magudanar da ke tare maiƙo, da ɗakin sanyi, da izinin hukuma, duk suna cin kuɗi mai yawa da lokaci mai tsawo. Shagon da aka taɓa yin abinci a cikinsa ya fi sauƙin kamawa, shi ya sa idan gidan abinci ya mutu, galibi wani gidan abincin ne ke gadar ginin, da murhunsa da komai.

Sai dai sana'ar tana tafiya ne a kan siririyar riba. Ƙiyasin da masu harkar suka saba yi shi ne kusan kashi 30 cikin 100 na ciniki yana tafiya a kayan abinci, kusan wani kashi 30 a albashi, haya kuma ana so kada ta wuce kashi 10, sannan bayan an biya wuta da gas da inshora da gyare-gyare da haraji, abin da ke saura wa mai shago ba ya cika wuce kashi 3 zuwa 5. Wani bincike da H. G. Parsa da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, a kan gidajen abinci na birnin Columbus a jihar Ohio, ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu zaman kansu sun rufe ko sun sauya hannu a shekarar farko, kusan kashi 60 cikin 100 kuma a cikin shekara uku. Wanda ke tsaye a kan irin wannan lissafi, ƙarin haya kaɗan ya ishe shi.

A duba yadda abin ke faruwa ga shago guda. Iyali sun kama wuri shekara ashirin da suka wuce, da tebur goma sha biyu, uba a kicin, uwa a wurin karɓar kuɗi, yara suna kai abinci bayan an tashi daga makaranta. Yarjejeniyar hayarsu ta ƙare, mai gini ya aiko da takarda da sabon farashi wanda ya yi daidai da abin da kamfanin da ke da rassa ashirin ya yi masa tayi. Hanyoyin da ke gabansu ba su da yawa. Za su iya ƙara kuɗin abinci, su rasa tsofaffin kwastomomin da suka riƙe su tun farko. Za su iya rage yawan abin da suke zubawa, ko su cire abincin da ke cin awa huɗu a kan wuta su bar wanda ake soyawa a minti biyar, su kuma sassauta yaji domin bakin sababbin maƙwabta. Za su iya matsa wa kansu su riƙa juya kowane tebur sau uku a dare ɗaya, wanda ke nufin dattijon da ya saba zama awa biyu a kan kofin shayi ya zama asara. Ko kuma su miƙa makulli. Abin da ya fi ciwo a nan shi ne ƙimar da ta ɗaga hayar su ne suka ƙirƙire ta da guminsu, tunda don abincinsu mutane suka fara zuwa titin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Alƙaluman Brick Lane sun tabbatar da haka. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar yankin ta laƙaba wa wurin sunan Banglatown domin jawo baƙi, kuma dabarar ta yi aiki. Amma rahoton da cibiyar Runnymede Trust ta fitar a 2020 ya nuna cewa gidajen kori na titin sun ragu daga kusan 60 a tsakiyar shekarun 2000 zuwa 23 a farkon 2020, tun kafin annobar korona ta yi nata ɓarnar. A Williamsburg kuwa, sauya dokar amfani da filaye da aka yi a 2005 ta ba da damar gina dogayen benaye na alfarma a bakin kogi, kuma hayar shaguna ta bi su sama. Wannan ba sabon abu ba ne ga masana birane. Ruth Glass ta bayyana yadda masu hali ke maye gurbin ma'aikata a unguwannin Landan tun 1964, Jane Jacobs kuma ta nuna tun 1961 cewa titin da ya yi nasara saboda bambancinsa yakan kashe bambancin da kansa, domin sana'ar da ta fi riba takan yi ta yawaita har ta kori sauran.

A nan ne nake ganin ake yawan ruɗar mutane. Idan aka ƙirga sunayen ƙasashe a kan allunan shaguna, unguwar da ta yi tsada tana iya fin yadda take a da: ga na Japan, ga na Peru, ga na Jojiya, ga wanda ya haɗa girkin Koriya da na Meziko. Amma bambanci yana da fuska uku aƙalla, wato bambancin abin da ke cikin faranti, da bambancin waɗanda suka mallaki shagunan, da bambancin waɗanda ke iya zama su ci. Unguwar yayi tana ƙara na farko yayin da take rage biyun ƙarshe. Yana yiwuwa shaguna biyar masu sunaye daga nahiyoyi uku su kasance mallakar kamfani ɗaya, da masu zuba jari ɗaya, da mai tsara ɗaki ɗaya, wanda shi ya sa fitilunsu da kujerunsu da kiɗansu suke kama da juna. A ganina titin da ke da girki iri takwas, amma mai shara da lauya suna cin abinci a kansa, ya fi wadata a kan wanda ke da iri talatin da duk farashinsu ɗaya ne kuma mutum iri ɗaya ke iya biya.

Har a cikin girke-girken kansu ba a yi adalci ba. Krishnendu Ray na Jami'ar New York ya yi nazarin farashin gidajen abinci a Amurka, ya nuna cewa abin da mutane ke yarda su biya yana bin arzikin ƙasar da abincin ya fito da matsayin baƙin da suka kawo shi. Ana biyan girkin Faransa da na Japan da tsada ba tare da gunaguni ba, amma ana sa ran na Sin da na Indiya da na Meziko su kasance masu araha, ko da aikin da ke cikinsu ya fi yawa. Masu cin abinci sukan yabi ƙaramin shagon baƙi da cewa nasa ne na asali, sai dai a ƙarƙashin yabon akwai sharaɗin cewa kada ya ƙara kuɗi, kada ya gyara ɗaki, kada ya sauya komai. Idan kuma wani da ba ɗan al'ummar ba ya ɗauki abincin nan, ya zuba shi a ƙaramin faranti ya ninka farashi, sai a kira shi mai ƙirƙira. Ba na cikin masu cewa kowa ya tsaya ga girkin kakanninsa, domin abinci ya daɗe yana tsallaka iyakoki kuma hakan alheri ne. Tambayar da ta dame ni ita ce wa ke samun rance, wa jarida ke ɗaukar hotonsa, wa kuma aka bari a bayan murhu. A New York, alal misali, ko allon ya ce Italiya ko Faransa ko Japan, hannayen da ke yanka da suya da wanke-wanke sau da yawa na 'yan Meziko ne da Ekwado da ƙasashen tsakiyar Amurka.

Intanet ta ƙara wa duk wannan sauri. Michael Luca na makarantar kasuwanci ta Harvard ya bi diddigin gidajen abinci na Seattle, ya gano cewa ƙarin tauraro ɗaya a shafin Yelp, inda kwastomomi ke ba shaguna maki da taurari, yana ƙara wa shago mai zaman kansa kashi 5 zuwa 9 cikin 100 na kuɗin shiga. Wannan dama ce ga ƙaramin shagon da ba shi da kuɗin talla, amma tana fifita wanda ya iya harshen masu sharhi da abincin da ke yin kyau a hoton Instagram ko bidiyon TikTok, alhali miyar da aka daɗe ana dafawa ba ta cika yin kyau a hoto ba. Manhajojin kai abinci gida kuma suna yanke kamasho da kan kai kashi 30 cikin 100, abin da ya sa birnin New York ya ƙayyade kamashon kai abinci a kashi 15 a shekarar 2020.

Ba kowa ne ke faɗuwa ba, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Iyalin da suka sayi gininsu tun yana araha sukan ci moriyar sabuwar kasuwa, wasu har su zama masu ba da haya. Wasu shagunan suna rufewa ne don 'ya'yan masu su sun zama likitoci da injiniyoyi, wanda shi ne burin da iyayen suka tsaya a gaban wuta dominsa tun farko. Akwai kuma 'ya'yan baƙi da suka dawo sana'ar da ilimin zamani, suna sayar da girkin iyayensu a farashin da ya dace da shi ba tare da neman afuwa ba. Shi ya sa nake ganin fushin da ake hucewa a kan sabon shago yakan kuskure wurinsa. A watan Satumba na 2015 masu zanga-zanga suka watsa fenti a wani shagon Brick Lane da ke sayar da hatsin karin kumallo na kwali da tsada, amma masu shagon su ma 'yan haya ne, kuma sun rufe a 2020. Wanda ke yanke hukuncin abin da za a dafa a titi shi ne mai riƙe da takardar ginin, da dokar da ta ba shi ko ta hana shi dama.

Biranen da suka fahimci haka sun taɓa ginin ne kai tsaye. A 2004 birnin Paris, ta hannun kamfaninsa Semaest, ya fara sayen shagunan ƙasan bene a wasu unguwanni yana ba ƙananan 'yan kasuwa haya mai sauƙi. San Francisco ta taƙaita shigar kamfanoni masu rassa goma sha ɗaya ko fiye cikin wasu unguwanninta, sannan a 2015 ta buɗe rajistar tsofaffin sana'o'in da suka kai shekara 30, tare da tallafi ga masu ginin da suka yarda su ba su doguwar yarjejeniya. Singapo ta bi hanya mafi nisa, domin gwamnati ce ke riƙe da cibiyoyin sayar da abinci fiye da ɗari, inda girkin Sinawa da Malayawa da Indiyawa ke zaune a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma UNESCO ta sanya wannan al'ada cikin jerin gadon ɗan'adam a 2020. Berlin tana da dokokin da ke kare masu hayar gidan kwana a unguwanni irin su Kreuzberg, amma hayar shago ba ta da irin wannan kariya a dokar Jamus, saboda haka mutum yana iya tsira da ɗakinsa ya rasa shagon da yake ci daga gare shi.

Inda babu irin wannan kariya, girkin baƙi yakan tashi ya bi layin jirgin ƙasa zuwa inda haya ba ta yi tsada ba tukuna. A New York, bayan dokar shige da fice ta 1965 ta buɗe ƙofa ga 'yan Asiya da sauran sassan duniya, unguwannin Jackson Heights da Flushing a gundumar Queens suka zama inda ake samun abincin Tibet da Nepal da Kolombiya da na lardunan Sin daban-daban, a ƙarƙashin gadar jirgi da cikin ƙananan rumfunan ƙasan bene. A Landan an daɗe ana zuwa Southall da Tooting. A Berlin, titin Sonnenallee na Neukölln ya cika da shagunan kayan zaƙi da gidajen abincin 'yan Siriya bayan zuwan 'yan gudun hijira a 2015, kuma tuni hayar unguwar ta kama hanyar da ta Kreuzberg ta bi.